Inna Atika, Tafintar Ɗakin Mata

Da ƙarfe bakwai da rabi na safe keke napep yake sauke Inna Atika a ƙofar asibiti. Daga Gawon Nama take tahowa, kuma saukar ma aiki ce, don ƙafarta ta dama ba ta bin umarni sai da lallashi. Takan fara sauko da sanda, sannan ƙafar hagu, sannan ta sa hannu ta jawo ta daman. A kafaɗarta akwai wata tsohuwar jakar fata, cikinta littattafan rubutu uku da ƙaramar rediyo da gorar ruwa. Masu gadi sun daina tambayarta kati tun tuni. Takan bi baranda a hankali har ƙofar ɗakin kwanciyar mata, inda akwai wani benci da kowa ya san nata ne, ko da yake ba wanda ya taɓa ba ta shi.

Ba ma'aikaciyar asibitin ba ce. Ba ta da farar riga, kuma sunanta ba ya cikin takardar kowane ofis. Shekarunta sittin da bakwai, goma daga ciki a kan bencin nan ta yi su, tana yi wa matan da ba su jin Hausa tafinta tsakaninsu da likita. Tana jin Fulatanci da Zabarmanci da Buzanci, tana kuma taɓa Faransanci daidai na fita kunya. Ba ko ɗaya da ta tashi da shi. Duk bayan ta haura hamsin ta koye su, da bakin da har yau yake ɗan karkace.

Idan aka shigo da sabuwar mara lafiya, takan gaishe ta da Hausa. In ba ta ga alama ba sai ta sauya harshe, ta sake sauyawa, har ta ga wanda ya sa matar ta ɗago ido. Amma kafin duk wannan akwai abin da take yi wanda sababbin nas-nas ba su gane masa. Sista Wasila, wadda ta fi kowa daɗewa a ɗakin, ta ce ta taɓa tambayarta dalilin da ya sa take tsura wa masu jinya ido haka.

"Ni ba mara lahiya nika hwara diba ba," in ji Inna Atika. "Wanda yak kawo ta nika diba. In uwa ta, ko ƙanwa, in koma benci. In suruki na, to aiki ya samu."

Wannan magana tana da asali, kuma don asalin nata nake wannan rubutu.

Shekara goma sha huɗu da suka wuce, Atika dillaliyar atamfa ce, tana bi gida-gida a Gawon Nama da turame a kai. Waɗanda suka san ta a lokacin sun ce mace ce da in ta fara yabon zane sai ka saya don ka samu kunnenka ya huta. Wata ranar Laraba tana tsakar ciniki a gidan wata amarya hawan jini ya kayar da ita. Ta farka a wannan asibitin, a wannan ɗakin, ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana kuma ta ɗauke gaba ɗaya. Tana ji, tana ganewa, amma in ta buɗe baki sai wani gurnani ya fito wanda ita kanta take jin kunyarsa. Dangi suka riƙa tsayawa a kanta suna shawarar abin da za a yi da ita kamar ba ta wurin. Ta ce ciwon jikin bai dame ta kamar wannan ba.

A gadon da ke kusa da nata, jikin taga, aka kwantar da wata matashiyar Buzuwa da aka ce taifot ke damunta. Mijinta yana can wajen neman abinci a kudu, don haka uban mijin ne ya kawo ta, shi kaɗai ne kuma mai jin Hausa a cikinsu. Duk safiya likita zai yi tambaya, tsohon ya juya ya yi mata magana, ta amsa da kalma ɗaya fuskarta a rufe, shi kuma ya ce, "Ta ce da sauƙi." Amma da zarar tsohon ya fita salla, sai matar ta yaye mayafi ta kama hannun duk wadda ta gifta, nas ko mai shara, ta faɗi wata magana da Buzanci. Kullum maganar guda ce. Sai a shafa mata kai a ce ta yi haƙuri Baba ya dawo ya fassara, in ya dawo kuma ta ja bakinta ta yi shiru. Da ta ga ba mai tsayawa, sai ta koma faɗa wa Atika, tunda ita dai ba inda za ta. Kwana huɗu tana maimaita mata, Atika tana kallonta. A rana ta biyar da hantsi matar ta rasu.

Atika ta fita daga asibiti ba ta iya faɗin sunanta ba, amma maganar nan tana kanta daram, yadda yaro yake riƙe karatun allo tun bai san fassararsa ba. Kusan shekara ta yi tana sake koyon Hausar da ta yi shekara hamsin da uku tana yi. 'Yarta Dije takan ɗaga ludayi ta ce ludayi, ita kuma ta yi ta kokawa da harshenta har abin ya fito. Ta riƙa bin masu karanta labarai a rediyo tana maimaitawa a bayansu. Da hannun dama ya ƙi, sai ta koma rubutu da hagu, da ajamin da ta koya a makarantar allo, duk da wata gwaggonta da ke ganin rubuta haruffan Larabci da hagu bai dace ba. Atika ta nuna mata hannun daman ta ce in tana da wani ta ara mata.

Da bakin ya ɗan saki, sai ta fara bin Buzaye masu gadin shaguna tana faɗa musu maganar. Yawancinsu ba su gane komai ba, don lafazin wata ne a bakin wata, bakin kuma a karkace. Wasu suka ɗauka ciwon ya taɓa mata kai. Sai wani dattijo a cikinsu, da ta maimaita masa sau uku, ya ja rawaninsa ya ƙara rufe baki, ya kawar da kai.

"Wagga magana ba tawa ba ta," ya ce. "Tahi wurin mata."

Ya haɗa ta da matarsa Fadimata, mai saƙar tabarma a wani kango bayan unguwa. Fadimata ta saurara, ta gyara mata lafazin wuri biyu, sannan ta ajiye kabar da ke hannunta ta tambaye ta wa ya faɗa mata haka. Atika ta ce wata ce da ta riga mu gidan gaskiya. Sannan Fadimata ta fassara mata: "Na yi ɓatan wata biyu. Ku kira mini mace."

Ashe ciki ne da ita, na fari. Ba Buzuwa kaɗai ba, ko a cikinmu wace yarinya ce za ta buɗe baki a gaban uban mijinta ta ce tana da ciki? Wane suruki ne kuma zai iya tambayar matar ɗansa yaushe rabonta da al'ada? Asibiti ya samu mai jin harshen ya ɗauka an gama, bai duba ko wane ne mai jin harshen ba. Atika ba ta san ko da an ji maganar matar za ta rayu ba, kuma ba ta taɓa cewa ta sani ba. Abin da ta sani shi ne kwana huɗu ana kiran mace, ita mace ce, tazarar hannu ɗaya ke tsakaninsu, kuma ba ta amsa ba. Ta ce ranar ta yi kukan da ba ta yi ba ranar da ta faɗi.

Washegari ta koma kangon da littafin rubutu. Shekara biyu tana zama gaban Fadimata tana tsage mata kaba da hannu ɗaya, ita kuma tana ba ta kalmomi. Ba sunan raƙumi da hamada ta nema ba. Ta ce a fara mata da jiki: ciki, mara, baya, jini, da yadda mace take faɗin inda ke mata ciwo idan ba namiji a wurin. Zabarmanci a wurin wata mai sayar da busasshen kifi ta ɗauke shi. Faransanci kuma rabi daga rediyon Nijar, rabi daga wata tela 'yar Togo a Sabon Gari, wadda har yau take cewa Faransancin Inna yana ɗingishi kamar mai shi. Boko ma sai da ta shiga ajin manya ta koya, don ta iya karanta abin da aka rubuta a katin mara lafiya.

Fulatanci ne ya fi ba ta dariya, don ta ɗauka shi zai fi sauƙin samu. Garinmu cike yake da Fulanin da Fulatancinsu bai wuce gaisuwa ba. Mutum zai lissafa maka kakanninsa bakwai ya ce shi Bafulatani ne gaba da baya, ka yi masa magana da harshen ya tuna yana da uzuri a kasuwa. Ta zagaye maƙwabta biyar masu wannan taƙamar ba ta samu jimla ɗaya cikakkiya ba. A ƙarshe sai da ta riƙa zuwa kara ranar kasuwa tana zama a gefen masu cinikin shanu, cikin matan da suka shigo daga ruga.

Ba zan ce ba ta taɓa kuskure ba, don ita ma ba ta ɓoye shi. A shekararta ta farko a bencin, ta ji wani dattijo Bazabarme yana sauya tambayar likita, sai ta yi caraf ta ce, a gaban kowa, ba haka likita ya ce ba. Gaskiya ta faɗa. Amma dattijon ya ga an mai da shi maƙaryaci a gaban matar ɗansa da baƙi, kafin la'asar ya naɗe tabarmarsa ya ɗauke yarinyar suka tafi, ba a sake jin labarinsu ba. Tun daga nan ta gane cewa jin harshe rabin aikin ne. In ka kunyata wanda ya kawo mara lafiya, ka kore su duka biyu.

Ke ce, Inna, kika koya wa ɗakin nan cewa shirun mara lafiya ba kullum yake nufin sauƙi ba. Ke ce kike zama da matar da ta zo daga Dosso ko daga dajin Tangaza har ta saki jiki ta sha magani. Masu shara sun ce a bakinki suka koyi yadda ake ce wa baƙuwa sannu da harshenta. Amma abin da Sista Wasila da Dokta Gazali suka fi ba da labari shi ne na daminar bara.

Ranar Juma'a da yamma aka kawo wata yarinya Bafulatana mai suna Hajo, da zazzaɓi da ciwon ciki. Inna ba ta zuwa Asabar da Lahadi, don haka sai Litinin ta iske ta. Tun daga baranda Sista Wasila ta tare ta.

"Inna, zo ki gane muna wagga yarinya. Kwananta ukku, magani bai kama ba, kuma ko uffan ba ta cewa."

"Wa yak kawo ta?"

"Uban mijinta. Shi ka yi muna tahinta."

Inna Atika ba ta ko ajiye jaka a benci ba. Ta iske Dokta Gazali, matashin likitan ɗakin, yana tsaye a kan gadon, gefe kuma wani dogon tsoho mai suna Baba Mode ya dogara da sandar kiwo. Yarinyar ta juya wa kowa baya, leɓenta ya yi fari. Likita ya ce, "Baba, tambaye ta, yaushe rabonta da fashin salla?" Tsohon ya dubi ƙasa, ya dubi bango, sannan ya ce da Fulatanci, "Likita yana gaishe ki, yana tambayar ya jiki." Yarinyar ta ce da sauƙi. Tsohon ya juyo ya ce wa likita, "Ta ce ba komi, dut lahiya lau." Likita ya sunkuya zai rubuta.

A cikin mutanen ɗakin nan Inna ce kaɗai ta ji abin da ya faru. In ta yi shiru, za a ci gaba da ba yarinyar maganin taifot. In ta yi magana yadda ta yi wa Bazabarmen nan, kafin la'asar gadon ya zama wayam.

Sai ta jingina sandarta, ta ɗan rusuna, ta gai da Baba Mode da Fulatanci. Ta tambaye shi gida, ta tambaye shi shanu, ta tambayi ruwan bana da ciyawa da lafiyar maruƙa. Tsohon, wanda ya kwana uku bai ji harshensa a bakin kowa ba sai na surukarsa, ya saki fuska yana amsawa ɗaya bayan ɗaya. Dokta Gazali ya ce shi dai agogo yake dubawa yana mamakin wannan doguwar gaisuwa alhali marasa lafiya ashirin na jiransa. Da gaisuwar ta ƙare, Inna ta sassauta murya, har yanzu da Fulatanci.

"Baba, ka ɗauko ta daga nesa, ka tsaya mata tsayuwar uba. Ka yi naka. Abin da ya rage na mata ne. Ka ba ni aronta na ɗan lokaci."

Tsohon ya dube ta, idonsa ya kawo ruwa.

"Kwana uku ina roƙon Allah ya kawo wanda zai ce mini in fita," ya ce. "Abin da yaron nan yake sa ni in tambaya, bakina ba zai iya ba."

Ya fita da sauri har ya manta sandarsa. Inna ta sa aka ja labule, ta roƙi likita shi ma ya ɗan ba su wuri. Ba ta yi wa Hajo tambaya ba. Ta zauna a bakin gado ta ba ta labarin yadda ita ma ta ɓoye cikinta na fari wata biyar, tana ɗaure zani har numfashi na gagararta, don kada uwar mijinta ta gane. Yarinyar ta ɗan yi murmushi. Can ta ce, fuskarta a cikin mayafi, wata biyu ke nan ba ta ga komai ba, kuma ciwon gefe ɗaya yake, kamar ana soka mata wuƙa.

Inna ta leƙo daga labule ta ce, "Likita, ba taihot ba ta. Ciki na, wata biyu, kuma gehe guda ka mata ciwo."

Dokta Gazali ya ce bai san lokacin da ya yar da biro ba. Aka garzaya da ita ɗakin hoto, aka ga cikin a wajen mahaifa ya zauna, jini har ya fara taruwa. Kafin azahar an shiga da ita tiyata. Cikin bai tsira ba, dama ba mai tsira ba ne. Hajo ta tsira. Bayan mako biyu ta fita da ƙafarta, Baba Mode yana gaba tana biye da shi nesa kaɗan, ba mai kallon wani, yadda ya kamata. Daga ranar Dokta Gazali ya kafa doka a ɗakin cewa duk matar da namiji ke yi wa tafinta, a sake tambayarta ta bakin mace.

A ƙarshen watan nan Inna Atika za ta bar bencin. Ƙafar ta ƙara nauyi, Dije kuma ta matsa sai ta koma wurinta a Kwalkwalawa. Ta ce ta yarda ne don ta ji akwai ɗaliban jami'a a can masu koyar da maganar kurame, tana so ta ga ko hannu ɗaya zai isa. Littattafan nan uku ta damƙa wa Sista Wasila, wadda a shekara hamsin ta fara haddar sassan jiki da Zabarmanci, tana kuka da cewa ajamin hagu ya fi rubutun likita wuyar karantawa.

Inna, mun gode. Matan da kika zame wa baki sun gode, har da waɗanda ba su san sunanki ba. Allah ya saka miki, ya ƙara miki lafiya, ya sa ki gama lafiya. Mu kuma masu lafiyayyen baki da ƙafafu biyu-biyu masu ɗaukarmu, da muke cewa kanmu ya tsufa da karatu, mu ji kunya kaɗan. A layinku akwai mai gadi, akwai mai kifi, akwai tela, kowa da harshensa. Ka zauna da ɗaya, ka fara da yadda ake cewa ina ke miki ciwo. Bencin nan zai zama ba kowa daga wata mai zuwa, kuma ba a daina kawo mata daga nesa ba.

Abu ɗaya na ajiye sai yanzu, don Sista Wasila ce kaɗai ta gani. Ranar da aka fito da Hajo daga tiyata aka ce ta farfaɗo, Inna Atika ba ta koma benci ba. Ta ja ƙafarta har ƙarshen ɗakin, wurin gadon da ke jikin taga. Ba kowa a kai ranar, an sallami mai shi da safe. Ta tsaya ta dafa ƙarfen gadon, ta faɗi wata gajeriyar magana da Buzanci, sannan ta juyo.

Sista Wasila ta ce, "Inna, mi kika cewa? Da wa kike?"

Ta gyara jakarta a kafaɗa.

"Wata ta taɓa kiran mace nan," ta ce. "Ce mata niy yi ga ni, na zo."